Makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo: me ya kamata mu sani kafin mu kai yara?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harkar, don wallahi kaina ya kulle.

Yarana biyu ne, babban namiji shekararsa 7, ƙaramar mace ce ta shiga 4. Babban yana wata makaranta yanzu amma ajin nasu ya cika maƙil, malama ɗaya ce a kansu, shekara biyu kenan yana zuwa amma har yau in na buɗe mai littafi sai ya tsaya yana kallon hoto yana cankar abin da aka rubuta, in na rufe hoton da hannu shikenan sai ya yi shiru ya fara hawaye. Abin nan yana ci min rai sosai, wani lokacin ko barci bana iya yi.

Satin da ya wuce na je wata makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo da ƙawata ta daɗe tana yaba min, gaskiya abin da na gani ya burge ni, gini fes, filin wasa da lilo, ɗakin kwamfuta, laburare, yara cikin yunifom tsaf-tsaf suna gaida mutum da Turanci. Matar da ta zagaya da ni tace su makaranta ce mai zaman kanta ba ruwansu da kuɗin gwamnati, ƙananan ajujuwa suna bin tsarin Montessori, in yaro ya girma kuma a ɗora shi kan manhajar Cambridge ta ƙasar Ingila. Ban gane duk bayanin ba amma dai na karɓo fom guda biyu.

Da na dawo gida maigida yace in dakata tukuna, kuɗin ba ƙarami bane kuma in an fara ba a tsayawa, kar mu je mu ɗauko kayan da za mu sauke a hanya. Na san yana da gaskiya, amma ni kuma gani nake lokaci yana wuce yaron nan. To shine nake tambaya, me zan duba, me zan tambaye su, kuma ku da 'ya'yanku ke irin wannan makarantar me kuka gano daga baya da kuka so a ce tun farko an faɗa muku? Saura sati uku su rufe karɓar fom.

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki su ya sa musu albarka. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli, na koyar a ta gwamnati na koyar a ta kuɗi, don haka bari in faɗa miki abin da na sani ba ɓoye-ɓoye.

Duk abin da kika lissafa, gini da lilo da kwamfuta, shine abin da aka shirya don idon iyaye. Ba laifi bane, amma babu ɗaya a ciki da zai koya wa ɗanki haɗa baƙi. Wadda za ta koya masa ita ce malamar da zai zauna gabanta awa biyar ko shida kullum, kuma ita ce ba a nuna miki ba. Ki koma. Kar ki je ranar da suka ware wa baƙi, ki je tsakiyar sati wajen sha ɗaya na safe lokacin da yara suka fara gajiya, ki ce kina son ki zauna a bayan ajin da za a sa ɗanki na rabin awa. Makarantar da ta yarda da aikinta ba za ta hana ki ba. In kin zauna ki ɗauke idonki daga yara ukun nan na gaba masu saurin ɗaga hannu, kowane aji yana da irinsu, ki nemi wanda ke can lungu yana wasa da fensir ki ga ko malamar ta san yana ajin. Ki jira wani ya ba da amsar da ba daidai ba ki ga me za ta yi, tsawa za ta daka masa, ko za ta tsallake shi ta kira wani, ko za ta tsaya ta bi shi a hankali har ya gano inda ya kuskure da kansa. Yaron da ke hawaye in an rufe masa hoto wannan ta ukun yake buƙata.

Sannan ki roƙi a ba ki littafin aikin yara biyu ko uku, ke za ki ɗauka da hannunki ba su za su zaɓar miki ba. Ki duba kwanan wata, ki ga ko ana dubawa kullum ko sai an tara na sati uku an bi da jan biro a zama ɗaya, ki ga in yaro ya faɗi ana sa shi ya sake yi ko kuwa an wuce. Littafin yaro baya ƙarya.

Abu na gaba wanda iyaye ba sa tambaya kuma a wajena ya fi komai, ki tambayi malamar da kanta shekara nawa ta yi a makarantar, ki tambayi wasu biyu ko uku. In kowa ce miki yake bana na zo, bara na zo, to akwai matsala, ko albashi baya fita a kan lokaci ko ba a ganin mutuncinsu. Na taɓa koyarwa a wata inda aji ɗaya ya canza malami sau uku a shekara ɗaya, kowane sabo sai ya kwashe wata guda kafin ya riƙe sunayen yara balle ya san wa ke baya a karatu, iyaye kuma suna ta biya ba su san ana yi ba.

Yawan yara a aji yana da tasiri, ba zance bane kawai. A jihar Tenesi ta Amurka an yi wani babban gwaji daga 1985 zuwa 1989 da ake kira STAR, aka raba ƙananan yara wasu a aji mai 13 zuwa 17 wasu a mai 22 zuwa 25, daga ajin share fage har aji uku, waɗanda ke ƙaramin aji suka fi a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi su suka fi cin moriyar abin. A gwajin an kuma gwada ƙara mataimakiya a babban aji, ba a ga wani bambanci mai yawa ba. Na kawo wannan ne don in sun ce miki malami ɗaya yara goma kar ki tsaya a nan, wasu duk ma'aikacin da ke wajen suke haɗawa su raba, ke dai ki ƙirga kawunan da ke zaune a ajin da idonki.

Batun Montessori kuwa, Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, tsarin nata yana da alamomi da ake gane shi da su, ana haɗa yara masu shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, kayan aiki suna kan kanta daidai tsayin yaro ya je ya ɗauka da kansa, kuma ana barin su su yi aiki na dogon lokaci wajen awa uku ba a katse su. Amma sunan ba mallakin kowa bane, kowa zai iya rubuta shi a allon ƙofa. In kika ga 'yan shekara 4 a jere kan benci suna kwafa daga allo, to suna kawai aka ara. Ki tambayi ina malamar ta samu horon.

Abban Yara:

Malam ya gama magana kan aji, ni kuma Hajiya zan tsaya a gefen maigidanki don abin da yake tsoro ni ya same ni.

Na sa yarana uku a irin wannan makarantar, lokacin kasuwa tana tafiya, na duba kuɗin zango na ga zan iya, ban yi lissafin komai bayan wannan ba. Ashe abin da ke kan takardar farko kamar rabin labarin ne. Ga kuɗin rijista da ba a mayarwa, ga yunifom kala-kala da dole a wajensu za ka saya har da safa, ga littattafai da ake canzawa duk shekara ta yadda ƙani ba zai gaji na wa ba, ga bas, ga yawon buɗe ido, ga bikin ƙarshen shekara, ga lesin bayan an tashi wanda suke cewa ba dole bane amma in ɗanka bai tsaya ba abin da aka yi a ciki shi ke fitowa a jarrabawa. Kuma kuɗin yana hawa ta hanya biyu, yana hawa saboda shekara ta juyo, yana kuma hawa saboda yaro ya ƙara aji.

A shekara ta huɗu abubuwa suka tsaya min. Ba zan manta ba, wata Litinin babbar 'yata ta dawo tun kafin goma na safe da takarda a hannu, an fitar da ita daga aji a gaban ƙawayenta saboda ban cika kuɗi ba. Bata yi kuka a gabana ba, ta shiga ɗaki ta rufe, sai da yamma uwarta ta faɗa min tace ita ba za ta sake komawa ba ko an biya. Ƙarshe dai na cire su duka a tsakiyar shekara, kuma sauyin ya fi musu ciwo fiye da a ce tun farko ban kai su ba, don manhajar ba iri ɗaya bace, abokai sun rabu, ƙaramin sai da ya maimaita aji.

Don haka ku zauna da maigida da biro da takarda, ku nemi a ba ku jadawalin kuɗin tun daga ajin da za su shiga har na ƙarshe, ku nemi na shekara uku da suka wuce don ku ga yadda suke ƙari, ku ninka da yara biyu, in kuna sa ran ƙaruwa ku sa da wannan. In sai kun ci bashi za ku biya zangon farko to ku haƙura ku nemi wadda ta fi sauƙi. Kuma ki tambaye su kai tsaye, in uba ya makara da biya me kuke yi wa yaron? Amsar da za su ba ki za ta nuna miki irin mutanen da za ki miƙa wa 'ya'yanki.

Anti Mai Ofis:

Sannu Abban Yara, Allah ya mayar da alheri, wallahi labarin 'yarka ya taɓa ni.

'Yar uwa ni na yi aiki a ofishin irin wannan makarantar shekara shida, ni ke karɓar fom da rubuta rasit, to bari in ɗan buɗe miki ta ciki. Kalmar nan "mai zaman kanta" abin da take nufi shine ba gwamnati ke biyan malamai ba, da kuɗin iyaye da gudummawa ake tafiyar da ita, kuma tana da 'yancin zaɓar malamanta da ɗalibanta da yadda za ta koyar. Amma iri biyu ce kuma bambancin babba ne. Akwai wadda ta mutum ɗaya ce ko iyali ɗaya, kasuwancinsu ce, ribar aljihunsu take shiga, in kika samu matsala da shugaban makaranta kika ce za ki kai ƙara sama sai ki tarar shine saman. Akwai kuma wadda ke ƙarƙashin kwamitin amintattu, ba ta riba bace, abin da ya yi saura makarantar ake mayarwa, kwamitin ne ke ɗaukar shugaba kuma zai iya sauke shi. Ban ce ta mutum ɗaya bata da kyau ba, na san masu tsoron Allah da suke riƙe nasu da gaskiya, amma ki san wacce kike shiga, ki tambayi wa ke da ita, wa shugaban ke yi wa bayani, kuma iyaye suna da ƙungiya mai murya ko sai dai a kira su taro a karanta musu ƙarin kuɗi.

Zaman kanta baya nufin ta fi ƙarfin doka. Ki ce a nuna miki takardar rijistarsu da hukumar ilimi, ki duba ta kai har ajin da suke koyarwa, don wasu izinin firamare suke da shi sai su ɗora sakandare a kai, in lokacin jarrabawar ƙarshe ya zo sai a kwashi yara a kai wata makaranta su rubuta da sunanta. Ki tambayi yaushe masu duba makarantu suka zo na ƙarshe.

Maganar Cambridge kuma a yi hattara. Sayen littattafan Cambridge daban, zama makarantar da Cambridge ta yi wa rijista daban. Waɗanda aka yi wa rijista suna da lambar cibiya kuma ana iya neman sunansu a shafin Cambridge na intanet. Haka ma masu cewa suna yin IB, wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa da aka kafa a Suwizalan a 1968, su ma suna da jerin makarantun da suka amince da su a shafinsu. Minti biyar ya isa ki duba a waya. Sannan ki tuna jarrabawar IGCSE, wato ta sakandare a tsarin Cambridge, sai yaro ya kai wajen shekara 16 yake rubutawa kuma kuɗinta daban ake biya, ɗanki saura shekara tara, don haka abin tambaya yanzu shine in kun cire shi bayan shekara biyu ko uku zai iya shiga makarantar da ke bin manhajar ƙasa ba tare da ya sha wahala ba?

Fom ɗin nan da kika karɓo akwai yarjejeniya a bayansa da ƙananan rubutu, dan Allah ki karanta. Da yawa suna sa cewa in za ka cire ɗanka sai ka ba da sanarwar zango guda a rubuce, in ba haka ba sai ka biya kuɗin zangon ko yaro bai zauna ba, kuma su riƙe takardun canjin makaranta. Na ga iyaye suna kuka a gaban teburina kan wannan layin. Kuma kar ki ji kunyar tambayar ragi, yawanci akwai ragin ƙani, wasu suna da tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi, wasu suna yarda a biya kashi-kashi, ba sa tallatawa ne sai wanda ya tambaya. Zancen saura sati uku ma kar ya ɗaga miki hankali, in akwai gurbi a aji ba za su ƙi kuɗinki a sati na huɗu ba.

Umman Ɗan Auta:

Ni abin da ba wanda ya taɓo shi zan faɗa, nisa. Tunda jeka-ka-dawo ce to hanyar nan sau biyu za a bi ta kullum, kwana biyar a sati, shekara da shekaru. Mu mun zaɓi wata mai kyau sosai amma a ɗaya ƙarshen gari, bas yana zuwa ƙofarmu tun gari bai gama wayewa ba saboda mu ne farkon ɗauka kuma mu ne ƙarshen saukewa, ɗana yana 5 lokacin, a tsaye nake sa mai takalmi idonsa a rufe, in ya dawo da yamma kuma jakar ma ba ya iya cirewa yake kifewa a kujera, in na tashe shi aikin gida sai rigima. Malamarsa ta rubuto wai baya maida hankali, ni kuma na san barci ne ke cinsa. Likitocin barci na Amurka sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a rana, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12, da na lissafa namu ko takwas baya cikawa. Muka mayar da shi wata kusa wadda bata kai waccan suna ba, cikin wata biyu kamar an canza min yaro.

To ki gwada hanyar da kanki a lokacin da za su riƙa bi, ba da rana tsaka da titi babu kowa ba. In bas ne ki ga bas ɗin, yara nawa ake zubawa, akwai babba a ciki banda direba? Ki tsaya bakin get lokacin tashi ki ga yadda ake miƙa yara, duk wanda ya zo yace ni kawunsa ne ana ba shi ko akwai kati ko suna da ake dubawa, wannan ba abin wasa bane musamman ga 'yar shekara 4. Ki shiga banɗakin yara, ba na baƙi ba, ki ga akwai ruwa da sabulu, kuma wa ke raka ƙanana. Ki tambayi in yaro ya faɗi ya fasa kai ko zazzaɓi ya rufe shi me suke yi, akwai nas, wa suke kira. Ki tambayi ko suna duka, kuma in wani yaro ya addabi wani wa ake faɗa wa. Filin wasan nan da ya burge ki ma ki tambayi minti nawa suke yi a ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya tace yara daga shekara 5 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, wasu makarantun lilon na hoto ne, hutun minti sha biyar ake ba su a mayar da su aji.

Kuma 'yar uwa ki shirya, jeka-ka-dawo rabin aikin a gida yake. Daɗinta kenan, kullum ɗanki yana kwana a gabanki kina ganin fuskarsa in wani abu ya dame shi, tarbiyyarsa tana hannunki. Amma duk yamma akwai jaka da za a buɗe, kuma tsadar makaranta bata ɗauke miki wannan.

Ɗalibin Jiya:

Gaisuwa ga iyayena na wannan zaure, ku yi min afuwa in sa baki duk da ƙarancin shekaru, ni a irin wannan makarantar na yi tun daga nazare har na gama sakandare.

Na amfana ba zan musa ba, amma Mama akwai abu biyu da na gani daga ciki. Na farko sakamakon da suke liƙawa a allo cewa kowa ya ci. A ajinmu kafin shekarar jarrabawa an kira iyayen yara huɗu an ba su shawara su nemi wani wajen, ɗaya abokina ne na kusa, ba don rashin kunya ba sai don karatunsa a hankali yake. To in an tace an bar masu ƙoƙari dole sakamako ya yi kyau. Ko binciken PISA da ƙungiyar haɗin kan ƙasashe ta OECD ke yi kan 'yan shekara 15 ya nuna haka, 'yan makarantun kuɗi suna fin maki, amma in aka yi la'akari da irin gidajen da yaran suka fito sai fifikon ya ɓace a yawancin ƙasashe. Ke kuma ɗanki taimako yake nema, don haka tambayarki ita ce me suke yi da yaron da ke baya.

Na biyu Turancin da suka gaishe ki da shi. Mu tara ake cinmu in mun yi yaren gida, na fito ina zuba Turanci amma sai da na girma na koyi rubuta wasiƙa da harshen uwata, kuma ina da 'yan aji da bakinsu ya iya amma in ka ce su faɗi ma'anar abin da suka karanta sai a yi tsit. Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoto cewa yaro ya fi saurin fahimta in an fara masa da harshen da ya tashi da shi.

Sannan dan Allah kafin komai a kai ƙanina a duba idonsa da kunnensa. In lafiya lau ne a nemi wanda ya san matsalar nan ta disleksiya, wadda haruffa ke rikice wa yaro alhali kansa yana ja sosai. Abokin nan nawa ashe ita ce ke damunsa, sai yana 15 aka gano.

Maman Biyu:

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka muku da alheri ya raya muku zuri'a. Na karanta wa maigida duka, shi da kansa yace mu koma tare.

Jiya Laraba muka je ba tare da mun sanar ba. Da farko matar ofis ta ɗan yi jim, sai ta shiga wajen shugabar ta fito tace bismillah. Baba Malam na yi yadda kace, na ƙirga yara 21 a ajin duk da ranar farko an ce min basa wuce 15. Malamar shekararta biyar a wajen, kuma na ga abin da ya kwantar min da hankali, wata yarinya ta karanta kalma ba daidai ba yara suka fara dariya, malamar ta ɗaga hannu kawai suka yi shiru, ta durƙusa gefen yarinyar ta rufe rabin kalmar da yatsa suka bi ta harafi-harafi har ta faɗa daidai. Sai da na ji hawaye ya taho min don ɗana na tuna. Littattafan ma ana dubawa, na ga gyara da kwanan wata.

Amma ajin ƙananan bai min ba. A jere suke kan kujeru suna kwafar lambobi, kayan Montessori ɗin suna cikin kabad a kulle, kuma malamar watanta biyu da zuwa. Anti na duba shafin Cambridge ban ga sunansu ba, da maigida ya tambaya sai shugabar tace littattafan suke amfani da su, rijistar suna kan nema. Makarantar ta mutum ɗaya ce, takardar hukumar ilimi kuwa sun nuna mana. Layin sanarwar zango guda yana nan a bayan fom kamar yadda kika faɗa. Mun gwada hanya da safe minti 25 ne.

Da muka yi lissafin Abban Yara mun ga na yaro ɗaya za mu iya har ya gama firamare ba tare da bashi ba, na biyu kuwa zai matse mu sosai. Shine muke tunanin mu sa babban shi kaɗai, ƙaramar ta ci gaba da zuwa wata 'yar nazare da ke kusa da mu. Amma zuciyata tana min nauyi, kar ta taso ta ga kamar an fifita yayanta. Asibitin ido kuma mun karɓi kati, ranar Litinin za a duba shi. Baba Malam me ka gani?

Tsohon Malami:

Madalla 'yata, kun yi abin da ya dace. Ni banga fifiko a nan ba, kowanne kun ba shi abin da yake buƙata ne a yanzu, 'yar shekara 4 wasa da hira da barci isasshe take nema, kuma da idonki kin ga ajin nasu can bai fi inda take ba. In ta kai shekarar shiga aji ɗaya sai ku sake zama ku duba aljihu ku duba makarantar, ƙila ma lokacin abubuwa sun canza.

Abu ɗaya zan ƙara. Tunda malamar nan ce ta sa kika yarda, kafin ku biya ki tabbatar ajinta za a sa shi, kuma ita za ta riƙe ajin a shekara mai zuwa, a rubuta muku a takardar karɓa. Ki nemi ganinta ku zauna ko minti goma ne, ki faɗa mata zancen hoton da hawayen kamar yadda kika faɗa mana, kar ki ɓoye don tsoron kar su ƙi ɗaukarsa. Ku yi da ita cewa bayan sati shida za ki dawo ku duba inda ya kai. A gida kuma kullum minti goma sha biyar kafin ya kwanta, ke ki karanta layi ɗaya yatsanki a ƙarƙashin kalmomin shi ya karanta na gaba, in ya gaji ku rufe littafin ko ba a kai ƙarshen shafi ba. In kun dawo daga asibiti ranar Litinin ki leƙo ki faɗa mana abin da likita yace.